Littafin aiki: wutar motocin Kawu kafin kakar riɗi

Asabar, 6 ga Satumba 2025, Gadarif, gabashin Sudan

Motoci uku Kawu ya damƙa mini in duba wutarsu kafin a fara yankan riɗi. Biyu manya ne masu batir bibbiyu, volt 24, muna kiransu Shuɗiya da Fara saboda fentinsu. Ta ukun tsohuwar Bedford ce, Sifinja, mai batir ɗaya, wadda ta girmi direbanta. Su ne za su riƙa shiga gonakin kudu, wajen Doka da Simsim, su kwaso buhuna zuwa kasuwar amfanin gona ta cikin gari, manyan biyun kuma wani lokaci su wuce Bur Sudan, tafiyar kusan kilomita 800 ta Kasala da Haya. Riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna a Oktoba, kwanaki kaɗan ne tsakanin yanka da fashewar kwanso, kuma motar da ta kwana a gona don ta ƙi tashi ta jawo asara ga mai gona da 'yan ƙwadago da mai motar baki ɗaya.

Gyaran rabin aikin ne. Ɗaya rabin, wanda ya fi damuna, shi ne direbobin da yaran motar su iya gane alama tun tana ƙarama, su kuma iya faɗa mini ita yadda take. Yanzu duk wanda ya kira ni daga daji (Usta suke ce mini, wato gwanin gyara) magana ɗaya ce a bakinsa: "Usta, batir ya mutu." Fitila ta dushe, batir ya mutu. Sitata ta yi ƙas, batir ya mutu. A da ana iya haƙuri da wannan, a sayi sabo a wuce. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kayan gyara suka daina zuwa daga Khartum yadda aka saba, abin da ake samu ta Bur Sudan yake biyowa da tsadarsa, don haka ba zan yarda a jefar da batir mai rai a kan laifin waya ba.

Kayan aikina ba su da yawa: mita, fitilar gwaji, ma'aunin ruwan batir mai robar matsawa, da faifan sola da nake cajin batura da shi, tunda wutar gari ba abar dogaro ba ce.

Talata, 9 ga Satumba

Na fara da Shuɗiya. Kukan direbanta shi ne da safe sitata tana jan injin da ƙyar, wuu, wuu, kafin ya kama, amma da rana in mota ta yi zafi tashi ɗaya take yi. Na auna baturan tun kafin a taɓa makulli, bayan sun kwana ba caji. Na waje ya nuna volt 12.7, na ciki 11.9. Batir mai lafiya da ya cika yana tsayawa wajen 12.6, in ya sauka 12.2 rabinsa ya tafi, ƙasa da 12 kuwa saura ƙiris ya ƙare. To baturan nan rana ɗaya aka saye su, iri ɗaya ne, dinamo ɗaya ke ciyar da su. Me ya raba su?

Amsar tana kan guntuwar wayar da ta haɗa su. An ɗaura wata siririyar jar waya a wurin, ta bi ƙarƙashin kujera ta shiga kan mota, tana ba rediyo da fanka da soket ɗin cajin waya volt 12. Batir ɗaya kaɗai ke ɗaukar wannan nauyi ke nan. Batura biyu da aka jera don su ba da 24 tamkar shanun huɗa ne a karkiya ɗaya, in kullum ɗaya ake ƙara wa kaya kunya ba za ta miƙe ba. Dinamo jimilla kawai yake gani. Yana tura volt 28 nasa, wanda ake zuƙa bai taɓa cika ba, ɗan'uwansa kuma yana shan caji fiye da kima har ruwansa ya riƙa ƙafewa. Na buɗe murafen na wajen, ga farantan ciki sun fara leƙowa saman ruwa. Yaron motar ya ce dama shi kaɗai ne yake yawan neman ruwa, kusan kowane mako. Alamar tana hannunsa tun tuni, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa alama ce.

Direban ya ce, "Usta, ai kowa haka yake yi. Waya ba caji, ina zan sa kaina?" Ban ga laifinsa ba. Yau kuɗin mai da na abinci duk ta Bankak, manhajar banki ta waya, ake turawa, wanda wayarsa ta mutu a hanya ya rasa guzurinsa. Na cire jar wayar, na saka na'urar da ke rage 24 zuwa 12, na ɗauko mata wuta daga bayan makulli da fiyus nata na kanta. Batir na cikin, wanda aka zuƙe, na ɗora shi kan sola shi kaɗai, a hankali. Sai mu ga ko zai farfaɗo.

Asabar, 13 ga Satumba

Ruwa tun asuba, baƙar laka ta hana kowa motsi, sai muka zauna wankin kawunan batura. Farin garin da ke taruwa a kansu ruwan kanwa mai ɗumi yana taɓa shi zai yi kumfa ya narke, a dai kula kada ya shiga ramukan batir. Daga nan sanfefa, a ɗaure tam, a shafa giris a sama. Na sa kowane yaro ya yi da hannunsa: baƙin kai, mai alamar ragi, shi ake fara kwancewa, shi ake ƙarasa ɗaurawa. Wanda ya fara da jan kai sifana ta taɓa ƙarfen mota, tartsatsi zai tashi, batir kuwa yana fitar da iska mai kamawa nan take. Na hana sigari kusa da akwatin batir, har ga manya.

Batir ɗin Shuɗiya ya dawo 12.5, ramukansa shida sun zo kusan daidai a ma'auni. Ya tsira.

Alhamis, 18 ga Satumba

Fara ta ba mu wahala, kuma ita ta fi koya wa yaran abu. Ana murɗa makulli sai ka ji ƙas, shiru. A sake, ƙas. Can kuma ta juya lafiya lau. Direbanta ya riga ya yanke hukunci, har ya gaya wa Kawu a nemo kuɗin sitata.

Kafin a kwance komai akwai gwajin da ba ya buƙatar mita, kuma ina so su riƙe shi da ka. A kunna fitilun gaba, mutum ɗaya ya tsaya yana kallonsu, a murɗa makulli. In hasken bai motsa ba, sitata ba ta ja wuta ba ke nan, sai a nemi matsalar a makulli ko siririyar wayarsa ko otomatik ɗin sitata, makunnin da ke haɗa mata babbar wuta. In hasken ya faɗi warwas, ko otomatik ya riƙa ƙas-ƙas-ƙas da sauri, wuta ce ba ta isa: ko batir ya yi sanyi, ko hanyar da wutar ke bi ta toshe. Fitilun Fara suka kusa mutuwa. Direban ya juya ya ce, "Ka gani ko? Ashe batir ne." Na ɗora mita kan dalmar baturan kanta, ba kan maɗaurin ba. A zaune 25.3, ana murɗawa suka tsaya sama da 23. Da sun gaji da sun zube ƙasa da 19. Ƙarfi yana nan, hanya ce ba ta kai shi inda ake nema.

Wutar mota zagaye take yi. Tana fita ta jan kai, ta yi aikinta, ta dawo ta jikin ƙarfen motar, ta bi wayar ardi da ke tsakanin shasi da baƙin kai. Kowa jar waya yake dubawa, hanyar dawowa ba mai tunawa da ita. Na sa tsinken mita ɗaya kan baƙin kai, ɗaya kan shasi, na ce a murɗa. A haɗi mai kyau abin da zai nuna bai kai rabin volt ba. Nan ya haura 10. Na ce wa ƙaramin yaron ya kai bayan hannunsa inda aka ɗaure wayar a shasi, ya janye da sauri, wurin ya ɗau zafi. Sitatar babbar mota ɗaruruwan amfiya take ja, duk inda haɗi ya yi rauni nan zafi yake taruwa. A ido wayar ba abin da ya same ta, robarta ko tsaga babu. Da na yanke robar sai ga tagullar ta zama koren gari, silin da suka rage ana iya ƙirga su. Fara ce ta fi zuwa Bur Sudan, ta kwana a layin tashar jiragen ruwa cikin iska mai gishiri da laima, ta dawo nan ta shiga laka.

Na canza ta da waya mai kauri ɗaya da ta asali, na kankare fenti da tsatsa a shasi har ƙarfe ya fito fari. Na leƙa saƙaƙƙiyar wayar da ke tsakanin injin da shasi, ita ma ta kusa rabuwa, na canza. Sai a lokacin direban ya tuna cewa tun bara in ya kunna fitilu da dare allurar zafi takan ɗan hau, in ya kashe ta sauko, har ya taɓa sa a wanke lagireto a kan haka. Allurar da ke motsi don an kunna fitila da ardi take kuka. Da an kawo mini wannan labari a lokacin, da aikin minti ashirin ne.

Kawu ya leƙo da la'asar yana tambayar nawa zai tura na sitata. Na ce masa ya bar kuɗinsa. Ya ɗauki ruɓaɓɓiyar wayar yana jujjuyawa, ya ce, "Ɗana, wannan 'yar igiyar ce ta so ta cinye mini buhunan riɗi?" Ya ce a rataye ta a rumfa kowa ya gani.

Asabar, 27 ga Satumba

Mun fara zama da yaran bayan la'asar, a rumfa, da shayi. Ba allo ba takarda, don ba dukansu ke karatu ba. Abin da muka tattauna nakan maimaita shi a saƙon murya ta WhatsApp, su saurara a hanya.

Yau kan jar fitilar caji muka daɗe, mai hoton batir a dashbod. Kowa ya san in ta kama ana cikin tafiya dinamo ya daina caji. Abin da ba su sani ba shi ne rashin kamawarta ma magana ce. In ka murɗa makulli kafin injin ya tashi dole ta kama, in ya tashi ta mutu. A tsofaffin dinamo da yawa ta cikin wannan ɗan kwan wutar farko ke bi ta tayar da caji, saboda haka in kwan ya ƙone mota na iya tafiya ba caji, ba kuma abin da zai sanar da kai. In tana ɗan ja-ja, sai da dare ake ganinta, a zargi dayod, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ko gawayin dinamo. In kuwa ta kama allurar zafi ma tana hawa, a tsaya nan take a buɗe gaba, don a injuna da yawa bel ɗin da ke juya dinamo shi ke juya famfon ruwa.

Na ce su riƙe wari biyu. Ƙaurin roba waya ce ke ƙonewa, a kashe injin a cire baƙin kai tukuna kafin a nemi ko ta ina ne. Warin ruɓaɓɓen ƙwai batir ne ke tafasa.

A kan fiyus muka yi gardama. Babban yaron ya ce a hanya in ya ƙone takardar sigari mai ƙyalli ko silin waya yana maganinsa, ya ga an yi an kuma isa gida. An isa, gaskiya ne. Amma fiyus an yi shi ne ya mutu a madadin waya. In ya ƙone a canza shi da mai lamba ɗaya, in ya sake ƙonewa nan take to akwai inda waya ta goge tana taɓa ƙarfe, ita za a nema. A masu ƙafa biyun nan ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wanda ya sa kore a gurbin ja ya mayar da wayar ita ce fiyus, a motar da ke ɗauke da buhuna da busasshiyar tamfol. Na ba kowace mota ƙunshin fiyus a gwangwanin madara. Ban tabbata babban yaron ya gamsu ba, zan sake komawa kansa.

Asabar, 4 ga Oktoba

Sifinja. Direbanta dattijo ne, Baba nake ce masa, kuma shi ba ya kuka da komai. Na tambaye shi yaya tashinta da safe, ya ce, "Lafiya ƙalau, yaro. A gangara nake ajiye ta." Shi ke nan an gama bayani. Injin dizal mai tsohon famfo in ya tashi ba ruwansa da batir, sai ya yi ta tafiya, don haka motar da ake turawa ko a sako ta daga gangara tana iya shekara da matacciyar wuta ba a sani ba. A cikin gonar riɗi kuwa ba gangara, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya iya ganinka, kuma ba mai tura mota da lodi.

Injin yana aiki mita ta nuna 12.1, inda ya kamata ta nuna wajen 14. Gawayin dinamon ya cinye har ƙarshe, wannan mai sauƙi ne. Bayan dashbod ne abin tausayi. Ɓeraye sun yi gida da tsumma da ƙaiƙayi, ƙwayar dawa da riɗin da ke zubewa a mota ce ke kiransu, sun gwaguye robar wayoyi a wurare da dama. Hannaye da yawa sun yi gyara a nan cikin shekaru, kowa da jar wayar da ya samu, an murɗa an naɗe da salatif, zafi ya narkar da gam ɗin ya bar haɗin a buɗe. Ba a bin irin wannan da faci. Na yanke shawarar sake wayoyin fitilu da na caji da na makulli gaba ɗaya, kowanne da launinsa, a cikin bututun roba, da ƙaramin akwatin fiyus. Baba bai so ba, yana ganin za a taɓa masa abin da ya saba da shi. Na ce masa, "Baba, makunnanka duk suna nan inda ka san su, abin da ke bayansu kawai zan canza." Ya ce to, Allah ya ba da sa'a.

Lahadi, 12 ga Oktoba

An aiki Fara Shuwak da kaya kaɗan, muka mayar da tafiyar gwaji. Bayan magariba ƙaramin yaron ya kira: "Usta, akwai warin ƙwai ta wajen akwatin batir. Fitilun sun yi fari ƙal, sannan ɗaya ta ƙone, yanzu ta baya ma ta bi ta." Na ji daɗin wannan kira ƙwarai. Bai ce batir ya mutu ba, ya faɗi abin da hancinsa ya ji da abin da idonsa ya gani, tun daga nan na san inda zan dosa. Na ce su kashe injin, su buɗe akwatin ya sha iska, kada kowa ya matso da ashana ko ya taɓa kan batir.

Na bi wata mota na same su. Baturan sun yi zafi, gefen ɗaya ya jiƙe da ruwan da ya tofar. Muka tayar, da injin ya ɗau zafi mita ta haura 30. A gareji da sanyin safiya 28.2 ta nuna, daidai yadda ake so. Regileta ce, mai daidaita caji, tana aiki in da sanyi ta saki in ta gasu. Daga yau gwajin caji sau biyu ne a wurina, a sanyi da kuma bayan tafiya.

Wani mai taimako a bakin hanya ya so ya cire kan batir injin yana aiki, wai in bai mutu ba dinamo lafiya. Direban ya hana shi kafin in iso. Wannan gwaji ba ya nuna komai a dizal, kuma shi ne ke ƙona dayod da regileta. Haka mai walda da zai ɗora wuta a shasi ba a cire batir ba.

Na canza regileta, na ƙara wa baturan tataccen ruwa, ba asid ba, don ruwa ne ke ƙafewa. Kwan fitila na volt 24 na nemo, mai wat 75 da 70. Na ƙananan motoci ya fi araha, kamarsu ɗaya a ido, amma ana kunnawa zai ƙone.

Talata, 21 ga Oktoba

An shiga riɗi. Sifinja tana tashi da makulli a tsakiyar gona, Baba bai ce komai ba, amma ya aiko mini da rake. Ƙura ta fara, na ce duk safiya a hure dinamo, a danna bel da babban yatsa, in ya lotsa fiye da santimita ɗaya ko ya yi ƙara ana kunna fitilu a ɗaure shi. Siginar Shuɗiya ta hagu tana ƙiftawa da sauri, kwan baya ne ya ƙone, yaron ya gano da kansa. Ta dama kuma in ta ƙifta fitilar baya tana dushewa tare da ita, ardin gidan fitilar ne ya yi tsatsa. Ba na sakin mota ta nufi Akaba, gangaren da ke bayan Sinkat, da fitilun baya masu wasa.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Shuɗiya ta fito da sabon abu. In tana aiki kullum ba matsala, in ta tsaya jiran lodi na 'yan kwanaki sai ta tashi da ƙyar, kuma wannan karon baturan biyu tare suke sauka. Akwai mai shan wuta mota tana kashe. Na cire baƙin kai na sa mita a tsakani, makulli a aljihuna: amfiya 0.9. A ido ba yawa, amma a yini da kwana ya haura amfiya 20, batir mai 150 kuwa kwana uku zuwa huɗu ya kusa rabi. Na zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, lambar ba ta motsa ba, har da na sabuwar na'urar cajin waya, wadda direban ya fara zargi. Da na kwance babbar wayar dinamo ta faɗi kusan sifili. Dayod ne ya lalace, yana barin wuta ta koma baya cikin dinamo. Na ce yaron ya taɓa jikinsa gobe da asuba kafin a tayar, zai ji shi da ɗan ɗumi alhali injin ya kwana a kashe.

Farantin dayod irin nasa babu a Gadarif, na zagaya kasuwa. Na ba direban Fara tsohon ya tafi da shi Bur Sudan a gwada a samo daidai. Kafin ya dawo na saka wa Shuɗiya makullin batir a kan baƙar waya, a riƙa kashewa duk dare, bayan an kashe injin ba kafin ba. Saura kuma fitilun birkin Sifinja da ke kamawa in sun ga dama, ina zargin makunnin da ke ƙarƙashin feda, sai ta dawo daga Doka in duba. Ina so a gama duka biyun kafin a shiga dawa a Disamba.